Ƙofar Aure a Kowane Hawa

Shekarar da bat, kuɗin ƙasar, ya faɗi warwas, abu na farko da ya mutu a benen Fadar Kogi shi ne famfon ado mai feshin ruwa da ke bakin shiga. Ba wanda ya yi makokinsa, don dama ba shi da aiki sai jiƙa takalman baƙi. Daga nan fitilun baranda suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Masu gadi uku suka koma ɗaya, shi ma wata safiya ya ce bari ya sha kofi ya dawo, har yau kofin bai huce ba. Tafkin ninkaya da ke hawa na biyar ya yi kore shar, wani mai hangen nesa ya zuba masa 'ya'yan karfasa, kuma in za a faɗi gaskiya, a duk Bangkok wannan ne jarin da ya yi riba a shekarar. Lifta biyu ne a benen. Da ta hagu ta tsaya, aka riƙa zare kayan cikinta ana ciyar da ta dama, har ta hagun ta zama kwango. Damina na tsayawa, ta daman ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Wichian yana zaune a hawa na ashirin da biyu, can ƙololuwa, kuma shi ne shugaban kwamitin mazauna benen. Ya nemi kujerar nan da ƙarfinsa lokacin da aikin shugaba bai wuce zaɓen launin furannin da za a ajiye a falon ƙasa ba. Tun da abubuwa suka juya ya yi murabus sau biyu, duka biyun aka yi masa tafi aka ƙi karɓa. Kamfanin ba da rance da ya yi wa aiki rabin rayuwarsa yana cikin waɗanda hukuma ta garƙame. Duk da haka kullum da safe yakan ɗaura laktaye a wuya, ya maƙala wayar salularsa a ƙugu, wadda aka yanke layinta tun bara, ya zauna a baranda yana karanta shafin neman ma'aikata kamar mai duba wa wani. Sauka ƙasa kuwa sau ɗaya yake yi a rana, kuma yakan shirya mata kamar mai tafiya wata ƙasa.

A zamanin da kowa yake ganin kansa attajiri, gida biyu ya saya a hawan, ƙofa na kallon ƙofa. Ɗaya nasa da matarsa Bussaba, ɗaya na 'yarsu tilo, Kulap, in ta yi aure. Lissafinsa shi ne ya tsufa yana jin motsin jikoki ta bango. Yanzu ga auren ya zo. Yaron, Anuwat, mai hankali ne, ba shi da aibu sai ɗaya: uwarsa Lamduan tana da gonar duriyan, 'ya'yan itacen nan masu ƙaya a ɓawo, can karkarar Chanthaburi, gonar da sai an hau babur ake zagaye ta, kuma tana son ɗanta da amaryarsa su zauna can. Faɗuwar bat da ta tsiyata mutanen birni ita ta ƙara mata ƙiba, don masu saye daga waje sun ga arha.

A gidajen cin abinci aka yi duk zaman maganar auren, bisa shawarar Wichian. A nan ya yi ta zuba wa Lamduan labarin Fadar Kogi: iskar da ba a samu a ƙasa, kogi shimfiɗe kamar tabarma, tafkin ninkaya, masu gadi da hula. Bai yi ƙarya ba, shekarar kawai ya manta ya faɗa. A ƙarshe matar ta goge baki ta ce, "To, na yarda su zauna wurinka. Ranar kawo kaya zan ga wannan saman da za a ajiye mini ɗa."

"Baban Kulap," Bussaba ta ce masa da suka gama hawowa a ranar, tana dafe da bango, "ka gaya wa matar nan gaskiya."

"In gaya mata me? In na buɗe baki gobe ta kwashe mana yarinya ta kai ta cikin ƙaya."

"To a bayanka za ka goyo ta har nan?"

"Za a gyara lifta."

"Da me?"

"Ni ne shugaba," in ji Wichian, ya shige banɗaki don kada a ƙara tambaya.

Ya kira taro a falon ƙasa, a gefen busasshen famfon adon. Waɗanda suka fi buƙatar liftar ba su zo ba, don saukowa taro yana nufin sake hawa. Rabin gidajen sama ma babu kowa, makullansu suna banki. Mutanen ƙasa ne suka cika kujeru, a gabansu tsoho Boonma, tela mai ritaya da ke hawa na ɗaya, wanda a dā Wichian yake gaisarwa da ƙwayar ido kawai.

"'Yan'uwa," Wichian ya fara, "lifta ta kowa ce."

"Ranka ya daɗe Shugaba," in ji Boonma, "ni tun da na tare sau ɗaya na shiga akwatin nan, shi ma na zaci banɗaki ne."

Aka kwashe da dariya.

"Kawu Boonma, maganar martabar bene ake yi."

"Martabar ai tana sama, ku kuka saye ta. Mu da muka sayi hayaƙin mota da haushin karnuka, wa ya taya mu biya? Lokacin da ake sayar muku da iska, an ce ƙasa za ta riƙa zuwa tana samunku?"

Wata mata daga hawa na takwas ta ce ita kam likita ya yaba mata, tumbinta ya sauka. Wani ya kawo shawarar a bar maganar lifta a tattauna rabon karfasa. Nan taron ya yi rai, aka yi awa guda ana musu, aka tashi.

Wichian ya kwashi sandunan golf ɗinsa ya kai kasuwar da tsofaffin masu kuɗi suke baje kayansu a bayan mota ranar Asabar. Da abin da ya samu ya ɗauko wani bakanike, wanda ya zo da wani ƙarfe naɗe a jarida, ya ce daga wani bene ya samo shi, benen da ba ya buƙatarsa kuma. Ya yini a ɗakin injin, ana gobe biki liftar dama ta yi tari ta buɗe baki.

"Za ta yi aiki?" Wichian ya tambaya.

"Za ta tashi, maigida."

"Cewa na yi za ta yi aiki?"

"Tashi kam za ta tashi. Inda za ta tsaya, wannan tsakaninta da shekarunta ne."

Malamin haikalin unguwa ya tsayar da sa'a: a gama miƙa sadaki kafin rana ta take tsaka. Da safe Wichian ya sa rigarsa ta siliki mai ruwan zuma, ya shiga lifta ya sauka, yana jin wani daɗi a gwiwoyinsa wanda ya manta da shi. A ƙasa ya yage takardar da aka manna mai cewa ta lalace, ya rataya furen yasmin a jikin madannin, ya fesa turare. Ya ga ganye a ƙasa, ya waiga bai ga kowa ba, ya ɗauki tsintsiya. Yana cikin shara ya ji dogayen ganguna sun karyo kwanar layin, da guɗa, da muryoyin mutanen ƙauye waɗanda ba su san ana magana a hankali ba. Uban amarya da tsintsiya a hannu! Ya wurga ta cikin famfon adon, ya faɗa lifta, ya danna ashirin da biyu.

Ta tashi, kamar yadda aka yi alkawari. Ta wuce biyar, ta wuce takwas. Tsakanin tara da goma ta yi wata ajiyar zuciya ta tsaya.

Ya danna kowane madanni. Ya danna na ƙararrawa, sannan ya tuna shi da kansa ya sa hannu aka cire ƙararrawar aka kai ƙofar gareji. Ya taɓa wayar ƙugunsa, ya janye hannu. Saura ihu. Amma matakalar benen zagaye ramin liftar take yi kamar maciji a jikin itace, duk abin da aka faɗa a ramin ana ji daga ƙasa har sama. In ya yi ihu, Lamduan ce za ta fara ji. Ya yanke shawara: zai yi shiru. Wataƙila liftar ta huta ta ci gaba. Wataƙila baƙin su ɗauka wuta aka ɗauke, abin da ke faruwa ko a gidan minista. Ya jingina da madubi, ya naɗe hannu, yana zufa cikin mutunci.

Daga ƙasa muryar Lamduan ta hawo tar, kamar a kunnensa.

"Wannan abin ba ya zuwa ne? Na danna har yatsana ya yi zafi."

"Tana hutawa ne, Uwar ango," muryar Boonma ce. "Ga hanya nan ta gefe, ba ta taɓa lalacewa ba."

"Hawa nawa?"

"Kada ki ƙirga, ƙirgawa ke kawo gajiya."

Ganguna suka shigo matakala, benen ya ɗauki amo. Wichian yana jin ganyen ayaba da karan rake da aka ɗauko suna gogar bango, yana jin mata masu farantan kaya suna kiran sunan iyayensu. Sai kuma komai ya tsaya cak.

A al'ada, in ango ya zo da tawagarsa, 'yan'uwan amarya sukan tare hanya, mutum biyu riƙe da sarƙar zinare ko ta azurfa, ba ya wucewa sai an ba su ambulan. Ƙofa uku Wichian ya shirya, duka a sama, da sarƙar ƙarshe da ta rage wa Bussaba. Bai shirya wata a hawa na ɗaya ba.

"Wace ƙofa ce kuma wannan?" in ji Lamduan.

"Ƙofar zinare," in ji Boonma.

"Baba, zinaren naka mai lambobi ne. Wannan ai tef ɗin awon tela ne."

"Zinaren yana wurin mai karɓar jingina. Wannan wakilinsa ne."

"Kai dangin amarya ne?"

"A gabanmu yarinyar nan ta girma."

Benen bai fi shekara biyar da ginawa ba. Wichian ya rufe ido.

Lamduan ta yi dariya irin ta mai sayar da kaya a kan babbar mota. "Prayong," ta kira ƙaninta, "miƙo jakar ambulan ɗin nan, ni zan riƙe. Baba, zan biya. Amma ni ba na ba da kuɗi a banza, ko ambulan ɗaya sai da tambaya ɗaya. Tun yaushe abin can yake hutawa?"

Da alama sai da Boonma ya auna nauyin ambulan a tafin hannu.

"Tun ƙarshen damina," in ji Boonma. "Jiya dai ta ɗan farka."

A benen da wasiƙar kwamiti take yin wata ba ta kai hawa na uku ba, labarin ambulan ya riga ganguna hawa. Wichian yana jin ƙofofi suna buɗewa a sama da shi da ƙasa da shi, ana jan silifa, ana kiran yara su zo su riƙe ɗaya bakin. A hawa na biyu wayar tarho aka miƙe, tunda ba ta da wani amfani yanzu. A na uku igiyar shanya ce, har da wando a jiki.

"Ina masu gadin nan masu hula?"

"Sun tafi shan kofi, Inna."

A hawa na biyar zaren kamun kifi aka tare ta da shi.

"Me ke ƙarni haka?"

"Tafkin ninkaya ne. In kina so a kamo miki biyu, farashin maƙwabta."

"Me kuke ba su?"

"Ragowar shinkafa."

"Shi ya sa. Ku haɗa da dusa, za su ninka."

Wichian ya so a ce matar nan ta gaji ta zauna, a ce gwiwa ta hana ta, a sauko da bikin ƙasa ya samu uzuri. Ina! Mace ce da ta tsufa tana hawa tsani tana ɗaure duriyan a reshe. Kuma ƙofofin nan da ya ɗauka za su kashe shi da kunya su suka zame wa tawagar wurin shan iska: kowane hawa a tsaya, a yi ciniki, a yi dariya, wani ya miƙo ruwan sanyi, a ci gaba. Bai taɓa jin benen da rai haka ba, ko a zamanin furanni.

A hawa na bakwai wani tsohon manajan banki ya ƙulla laktayensa guda shida ya yi ƙofa da su, ya ce duk na Italiya ne. A na takwas matar nan da likita ya yaba wa ce. Yanzu muryoyin sun matso, ƙasa da tafin ƙafarsa kaɗan.

"Ke kuma ga tambayarki," in ji Lamduan. "Ruwa yana kaiwa sama?"

"Yana ƙoƙari, Yaya. A sha biyar yake sarewa, injin ya tsufa."

"To na ashirin da biyu da me suke wanka?"

"Wannan ai tambaya ta biyu ce."

Aka ji ƙarar takarda.

"Amaryarku ke ɗauka. Jarka biyu kafin ta tafi aiki, biyu in ta dawo. Uwar ga ciwon baya, uban kuma, to, kin san shugaba ne. Ki duba tafin hannunta in kin je, duk kanta. Ta ce kada a gaya wa saurayin."

Gangunan ma sai da suka yi ƙasa da murya. Wichian ya kalli mutumin da ke cikin madubi, mai rigar siliki da ta manne a ƙirji. Ba wai bai sani ba ne. Kullum yakan ji ƙofa ta buɗe da asuba, ya ji jarka ta daki dokin ƙofa, shi kuma ya ɗaga jarida sama kaɗan. Ya taɓa gaya wa kansa cewa yaran zamani har kuɗi suke biya don su ɗaga ƙarfe.

Tawagar ta wuce ta gefensa, ta tsaya a hawa na goma, saman kansa. Nan wasu 'yan mata ma'aikatan jinya suke haya, kuma su ba ambulan kawai suke so ba.

"Ango ba ya wucewa sai ya faɗa wa amarya yana sonta, da ƙarfi, ta ji daga sama!"

"Haba, 'yan'uwa," in ji Anuwat, "saura hawa goma sha biyu fa."

"Sa bakinka a tsagar ƙofar lifta, ramin yana kai magana. Da shi muke kiran mai sayar da taliya."

Wichian ya ga inuwa ta rufe ɗan hasken da ke shigowa ta tsagar, daidai goshinsa. Ya ji yaron ya ja numfashi.

"Kulap! Ina sonki! Ba za ki ƙara ɗaukar jarka ba!"

Maganar ta daki Wichian a fuska, da ɗumin numfashinta da ƙanshin man goge baki. Ta zagaya akwatin, ta dawo. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Na ji, ɗana," ya ce. "Zan gaya mata. Amma fara fitar da ni."

Abin da ya biyo baya, mutanen benen sun daɗe suna ba da labarinsa. Anuwat ya yi baya ya zauna a cikin farantin kayan zaƙi. Makaɗa biyu suka yar da ganguna suka yi ƙasa da gudu, ɗaya yana cewa dama tun a bakin ƙofa ya ji gidan nan ba lafiya ba. Wata tsohuwa ta fara karanto addu'ar korar fatalwa. Lamduan ce kawai ba ta motsa ba.

"Fatalwa ba ta cewa ɗana," ta ce. "Ku ɓalle ƙofar nan."

Aka gwada da karan rake, ya karye. Aka kawo ƙarfen cire taya daga gidan wani da ba shi da mota kuma. Ƙofar ta buɗe da kuka, tawagar ango ta ga kan uban amarya daidai da takalmansu, sauran jikinsa yana ƙasa cikin duhu. Wichian ya yi abin da ya rage wa mai tarbiyya: ya haɗa tafin hannu a gaban hancinsa ya gaishe su.

Lamduan ta tsuguna, ta gyara zanenta.

"Suruki, barka da hutawa. Tun yaushe kake nan?"

"Ban daɗe ba. Dubawa nake yi."

"Ka ji duk abin da aka faɗa?"

"Ramin yana kai magana."

Aka aiko da laktayen manaja daga hawa na bakwai. Anuwat da kawunsa Prayong suka ja, 'yan jinya suna ba da umarni, Wichian ya fito da ciki kamar kifin da aka jawo kan kwalekwale. Na Italiya ne da gaske, ko ɗaya bai tsinke ba.

Suka ci gaba da hawa, shi da Lamduan a gaba, kafaɗa da kafaɗa. Ya jira ta yi faɗa, ta ƙi. Ambulan suka ƙare a hawa na sha biyu, ta koma biya da kayan zaƙi da lemo daga faranti, masu ƙofa suka karɓa ba gardama. Ta daina tambaya kuma, ba abin da ya rage. A hawa na sha biyar, kusa da famfon ƙarshe mai rai, jarkoki biyu shuɗaye suna ajiye cike, an bar su saboda hidimar biki. Lamduan ta tsaya ta dube su. Ta miƙa wa ƙaninta jakarta, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya.

"Na lura a gidan nan ba a hawa hannu sake," ta ce.

Dangi suka yi ca za su karɓa, ta harare su. Ɗaya jarkar tana nan tana kallon Wichian. Ya ɗauka.

Bai san ruwa yana da nauyi haka ba. A sha bakwai hannun jarkar ya shige masa cikin nama. A sha tara ya canza hannu, ya ga ɗayan ma ba gwani ba ne. A ashirin ya fara ganin wasu taurari da ba ya gani ko daga baranda. Matar da ta girme shi tana gaba tana taku ɗaya-ɗaya, ba ta waiwayo ba, kuma ya gode mata da hakan.

Bussaba ta buɗe ƙofa ta ga mijinta da uwar ango kowa da jarka, rigarsa baƙa da man inji. Ta buɗe baki, ta dubi agogo, ta rufe. Sa'ar malam ba ta wuce ba, da kyar. Ƙofofi ukun gaske, masu sarƙar zinare ta gaske, aka wuce su da alawa. Aka shimfiɗa ƙyalle aka baje sadaki, dattawa suka yayyafa hatsi da furanni, Bussaba ta ƙulle ta saɓa a kafaɗa tana nishin wasa kamar ya fi ƙarfinta, aka yi dariya. Wichian bai yi ba, har yanzu nasa nishin bai gama ba. Da Kulap ta durƙusa ta miƙo hannu a sa mata zobe, ya ga Lamduan ta juya tafin yarinyar, ta shafa da babban yatsa, ta mayar.

Bayan an ci abinci Lamduan ta ce a nuna mata gidan yaran. Wichian ya buɗe ƙofar da ke kallon tasa. Komai sabo, har ledar katifa ba a cire ba. Suka fita baranda, Kulap da Anuwat a bayansu. Ga kogin can yana ƙyalli, ga kwarangwal ɗin benaye da aka bari rabi, injinan ɗaga kaya tsaye a kansu sun yi tsatsa. Iska ta bugo, mai sanyi.

"Iskar kam ba ka yi ƙarya ba," in ji Lamduan. "Na ce su zauna wurinka, kuma ni ba na mayar da magana. Ɗana ƙafafunsa lafiya lau, ya ce zai ɗauki ruwa, zai ɗauka. In ciki ya zo, to, sai ya goya ta. Ga su nan, naka ne."

Wichian ya so ƙwarai a ce ƙwace ta yi. Da ya samu wanda zai yi fushi da shi har ƙarshen rayuwarsa, abin da ke riƙe mutum da yawa a tsaye. Ya dubi tafin hannunsa, jan layi ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, na hawa bakwai kacal, sau ɗaya.

"Gidanki na gona," ya ce, "matakala nawa?"

"Uku. Ɗaya ta karye, muna tsallakewa."

"Su tafi can."

"Baba!" in ji Kulap. "To wa zai riƙa ɗauko muku ruwa?"

"Shugaban kwamiti. Dama ba shi da aiki."

Ta riƙe hannun rigarsa ta fara kuka, shi kuma ya ce mata ta yi hankali, man inji ba ya fita daga siliki.

Bayan biki da 'yan kwanaki motar gona ta zo. Duk abin da aka haura da shi gidan amarya a zamanin lifta sai da aka sauko da shi a ka, har katifar da ledarta. Bussaba ta yi sallama da 'yarta a sama, bayanta ba zai iya zuwa da dawowa ba. Wichian ya raka su har titi. Ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana, ya ƙara ɗagawa kaɗan bayan ta sha, sannan ya juya ya ɗaga kai. Daga nan ƙasa barandarsa ba ta fi akwatin ashana ba.

Boonma yana zaune a bakin shiga yana fifita. Ya jawo wata kujerar roba da ƙafa.

"Zauna, Shugaba. Benen ba gudu zai yi ba."

Wichian ya zauna. Suka kalli titi tare na wani lokaci.

"Kawu Boonma," ya ce, kamar maganar ba ta dame shi ba, "gidan nan na kusa da naka, na ga kamar babu kowa."

"Wanda tagarsa ke kallon bola?"

"Shi."

"Layi ake bi, ranka ya daɗe. Likitan hawa na sha tara ne a gaba, sai matar alƙali."

Wichian ya gyaɗa kai, ya sassauta laktayensa.

"Sa ni bayan matar alƙali," ya ce.